Aikin hannunsu nagari ne, lamuninsu ne ban saya ba: bitar wani shagon Linux a Jidda

Shagon da zan yi bitarsa yana cikin jerin shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, ba na kuma so ƙorafin ya taɓa wa mutane hanyar abincinsu. Sana'arsu ita ce ɗauke ƙananan ofisoshi daga Windows su mayar da su kan Linux, wata manhajar sarrafa kwamfuta da ke maye gurbin Windows, sannan su ƙulla kwangilar shekara ta kulawa da gyara. Ofishinmu na jigilar kaya ne, muna karɓar kayan alhazai da 'yan Umara da 'yan kasuwa muna aikawa Kano da Yamai, ni kuma nake riƙe da lissafi da takardu, saboda haka duk abin da aka yi wa na'urorin nan a kaina yake fara sauka.

Abin da ya kai mu wurinsu ba sha'awar sabon abu ba ne. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta yarda ta hau kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, namu kuma tsofaffi ne duk da cewa lafiyarsu ƙalau. Ya zama ko dai mu zubar da na'urori masu aiki mu sayi sababbi, ko mu ci gaba da zama a kan manhajar da aka daina toshe mata ɓaraka alhali muna ajiye hotunan fasfo da lambobin iƙamar jama'a, ko kuma mu canza manhajar gaba ɗaya. Kuɗin da shagon ya nema na sauya dukkan ofishin bai kai na sabuwar kwamfuta guda ba, wannan ne ya sa mai gidanmu, Alhaji, ya amince.

A wajen aikin hannu ba ni da abin cewa sai alheri. Injiniyan da ya jagoranci aikin Bahaushen Sudan ne, mutum mai natsuwa wanda ba ya taɓa na'ura sai ya kwashe abin da ke cikinta, kuma ya kwafe bayananmu a faifai biyu daban, ya ba ni ɗaya a hannu ya ce in kulle a durowa kafin ya goge komai. Sun zaɓi daren Alhamis zuwa Juma'a don kada aiki ya tsaya, suka ɗora nau'in Linux mai suna Linux Mint wadda aka gina a kan wani nau'in, Ubuntu 24.04, wadda za ta ci gaba da samun sabuntawar tsaro har 2029. Sun daidaita allon rubutu ya riƙa juyawa tsakanin Larabci da Ingilishi da Hausa, har da ƙ da ɗ da ɓ, abin da a da sai na kwafo su ɗaya bayan ɗaya daga wata tsohuwar takarda idan zan rubuta wa wakilinmu na Kano. Shafukan hukuma da muke hulɗa da su kullum, irin su Absher da Muqeem da Qiwa, duk ta burawza ake shiga, tabbatarwar Nafath, wato tsarin hukuma na tantance mai shiga, kuma a waya take zuwa, don haka babu abin da ya canza a nan. Manhajar da muke fitar da fatura da ita, wadda ta dace da tsarin faturar lantarki da hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta tun Disambar 2021, ita ma ta intanet take aiki. Wanda tasa manhajar fatura a cikin Windows take zaune, ya fara tambayar masu ita kafin ya bari a taɓa masa kwamfuta, domin a nan ne sauyin zai iya tsaya masa a wuya.

Akwai kuma abu ɗaya da ya ƙara musu daraja a idona. Wani yaron ofishinmu ya roƙi injiniyan ya bar masa kwamfuta guda da tsohuwar manhajar zane wadda ba a saya ba, aka dai fasa mata makulli, injiniyan ya ƙi, ya ce shagonsu ba ya ɗora abin da ba shi da lasisi ko da kyauta ne.

Inda suka gaza shi ne binciken farko. Sun zo sun ƙirga kwamfutoci sun duba ƙarfinsu, amma ba su jarraba ƙaramar firintar da ke buga lambar kaya ba, ba su kuma duba sikelin da ke haɗe da kwamfutar kanta ba, alhali a ofishin jigila waɗannan biyun su ne aikin. Sai da aka gama komai sannan aka gano firintar ba ta amsawa, ga shi lokacin cunkoson 'yan Umara ne, muka koma rubuta suna da lambar waya da nauyi a jikin kwali da maka, yara suna ɗaga buhu suna karanto kilo da baki ina shigarwa da hannu. Sun gyara daga baya, ba su kuma caje mu ba, amma tambaya guda a ranar farko da ta hana wannan wahala. Haka tsofaffin fom-fom ɗinmu na Word, masu Larabci a dama da Ingilishi a hagu, sun tarwatse da aka buɗe su a LibreOffice, manhajar rubutu da ta maye mana gurbin Word, sai da aka ƙara nau'ikan haruffa masu faɗi ɗaya da na da, aka sake daidaita wasu da hannu. Idan matsala ta daga nesa ce suna amsa saƙo da wuri su shiga kwamfutar ta intanet su gyara, idan kuwa sai mutum ya zo da ƙafarsa, to, a shirya jira.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, kuma da a nan maganar ta tsaya da bitar ba ta wuce haka ba. Abin da ya sa na zauna na rubuta ta da tsawo shi ne kwangilar shekara, wadda suke kawowa kashi biyu. Ta farko kulawa ce da gyara da sabuntawa da ajiyar kwafi. Ta biyu duk wannan ne, sai ƙarin wani sashe da suka kira lamunin shari'a, wanda ya ɗaga farashin sosai. Da Alhaji ya tambayi amfaninsa, injiniyan ya gyara zama ya ce: "Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan manhaja ba ta da mai ita guda ɗaya, kuma an taɓa samun kamfani a Amurka, SCO, da ya ce an saci kayansa an zuba a ciki. Ya kai masu sayarwa kotu, ya kai masu amfani da ita kotu, har IBM sai da ta biya kuɗi." Alhaji mutum ne da ya daɗe a ƙasar nan, ya san cewa maganar haƙƙin mallaka ba wasa ba ce tun da aka kafa mata hukuma ta musamman, ya kuma san yadda tara take zuwa wa mai mu'assasa ba sallama, don haka hannunsa har ya kai ga biro. Na ce: "Alhaji, a ba ni takardar in kwana da ita tukuna."

Babu jimla ɗaya a maganar injiniyan da za a ce ƙarya ce tsagwaronta, sai dai an yanke labarin ne a inda yake ba da tsoro, aka bar inda yake kwantar da hankali, kuma wanda za a nemi ya biya kuɗi saboda wani labari ya cancanci ya ji shi har ƙarshe.

An ƙirƙiri Unix, tsohuwar manhajar sarrafa kwamfuta da SCO ya ce daga cikinta aka yi satar, a ɗakunan binciken Bell na kamfanin AT&T a 1969. Kamfanin Novell ya sayi harkar daga AT&T a 1993, sannan a 1995 ya sayar wa wani kamfani mai suna Santa Cruz Operation da kasuwancin Unix ɗin. A 2001 kamfanin Caldera, wanda shi kansa sana'arsa sayar da Linux ce, ya sayi wannan sashe daga Santa Cruz, daga baya ya sauya suna ya koma SCO Group, da hedikwata a garin Lindon na jihar Yuta, ƙarƙashin shugabancin Darl McBride. Ita kuwa Linux, Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ta yi kama da Unix a yadda take aiki amma an rubuta ta ne daban, aka sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL wanda ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta da rarraba ta.

A watan Maris na 2003 SCO ya maka IBM a kotu yana neman dala biliyan 1, daga baya ya ɗaga zuwa biliyan 3, sannan biliyan 5, bisa zargin cewa IBM ya kwashi abin da ke cikin Unix ya zuba a Linux. A watan Mayu ya aika wasiƙun gargaɗi ga manyan kamfanoni kusan 1,500 cewa amfani da Linux zai iya jawo musu shari'a. A watan Agusta ya fito da hajarsa: lasisin dala 699 kan kowace saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) mai injin sarrafawa ɗaya, wato sama da riyal 2,600 a canjin 3.75, da gargaɗin cewa farashin zai koma dala 1,399 ga wanda ya yi jinkiri. Abin lura shi ne wanda ya biya wannan kuɗi ba a ba shi manhaja ba, ba a ba shi gyara ba, ba a ƙara masa komai a kwamfutarsa ba, alkawari kawai ya saya cewa ba za a kai shi ƙara ba. Kamfanin EV1Servers mai ba da hayar sabobi ya saya a 2004, abokan cinikinsa suka yi masa ca, shugabansa ya fito ya nuna nadama a fili.

Hujja ce ta ƙi zuwa. A taron da SCO ya yi a Las Vegas a Agustan 2003 ya haska wasu layukan rubutun manhaja a bango a matsayin shaidar sata, har ya ɓad da wani sashe ta hanyar mayar da shi haruffan Girka. Aka ɗauki hoto, masana suka warware shi cikin ɗan lokaci, suka gano cewa wani ɓangaren tsohon rubutun Unix ne wanda Caldera da kansa ya sake wa jama'a kyauta a 2002, wani kuma daga aikin jami'ar Berkeley ya samo asali. A Jamus kotu ta hana SCO ci gaba da yaɗa zargin ba tare da hujja ba tun a 2003. A Amurka alƙali Dale Kimball ya bayyana a 2005 cewa abin mamaki ne yadda kamfanin ya cika duniya da magana amma bai gabatar wa kotu gamsasshiyar shaida ba, a 2006 kuma mai shari'a Brooke Wells ta yi watsi da mafi yawan abubuwan da SCO ya lissafa domin ya kasa nuna takamaiman wurin da aka ce an kwafa.

Abin da ya karya ƙashin bayan shari'ar gaba ɗaya bai ma fito daga IBM ba. Novell ne ya fito ya ce, a yarjejeniyar 1995 kasuwancin ya sayar, bai sayar da haƙƙin mallakar Unix ba, kuma a takardar an rubuta cewa mai sayen zai riƙa karɓo kuɗin lasisi daga tsofaffin abokan ciniki ya miƙa wa Novell, a ba shi kashi 5 cikin 100 ladan aikinsa. Lamarin ya yi kama da wakilin da aka ɗora a kan karɓar kuɗin haya ya wayi gari yana bin mutanen unguwa da sammaci yana cewa gidan nasa ne. SCO ya kai Novell ƙara a Janairun 2004. A ranar 10 ga Agusta, 2007, Kimball ya yanke cewa haƙƙin mallakar na Novell ne, wata guda bayan haka SCO ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, a 2008 kuma aka ce shi ne ma Novell yake bi kusan dala miliyan 2.5. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2009 a mayar da batun gaban masu taya alƙali yanke hukunci, su ma a ranar 30 ga Maris, 2010, suka ba Novell gaskiya, aka tabbatar da hukuncin a 2011. Kafin nan an sallami McBride a 2009, an sayar da ragowar kasuwancin a 2011 ga kamfanin da yanzu ake kira Xinuos, a 2012 kuma aka shiga rushe abin da ya saura.

Sai maganar masu amfani da aka kai kotu, wadda ita ce ta fi taɓa Alhaji. Kamfanoni biyu ne SCO ya kai ƙara a Maris na 2004, AutoZone mai sayar da kayan gyaran mota da DaimlerChrysler mai ƙera motoci, kuma dukansu suna da tsohuwar alaƙa da harkar Unix: AutoZone abokin cinikin SCO ne da ya bar shi ya koma Linux, DaimlerChrysler kuwa yana riƙe da tsohon lasisin Unix, aka zarge shi da ƙin aiko takardar tabbatar da bin sharuɗɗa, kotun jihar Mishigan ta kori kusan dukkan ƙarar a Yulin shekarar. Wato waɗanda aka iya kamawa su ne waɗanda suka taɓa sa hannu a takarda da masu Unix, ba wanda ya sauko da Linux ya ɗora a ofishinsa ba. Kuɗin da IBM ya biya gaskiya ne, dala miliyan 14.25 a 2021, amma sulhu ne aka yi da mai kula da dukiyar kamfanin da ya karye, bayan shekara 18, a kan ragowar da'awar da ta shafi wani aikin haɗin gwiwa mai suna Monterey da IBM ya yi da Santa Cruz, ba wai kotu ta samu Linux da kayan sata ba. Wanda ya nemi biliyan 5 ya tashi da miliyan 14 da 'yan kai. Ƙarar da Xinuos ya shigar a 2021 ma IBM da Red Hat, kamfani mai sayar da Linux, ta nufa, ba masu amfani ba.

Adalci ne in ce a 2003 da 2004 tsoron yana da tushe, domin ba wanda ya san inda kotu za ta faɗa, shi ya sa manyan kamfanoni suka fito da lamuni na gaske. HP ya yi wa abokan cinikinsa alkawarin kariya a Satumbar 2003, Novell ya bi sahu a Janairun 2004, Red Hat ya riga ya kai SCO ƙara da kansa a Agustan 2003 ya ware dala miliyan 1 don kare masu rubuta manhaja, sannan ya fito da shirin lamuni mai suna Open Source Assurance ga masu biyan kuɗin rajistarsa. Masu gina Linux su ma sun ɗauki darasi, tun 2004 duk wanda zai ƙara rubutu a zuciyar manhajar sai ya sa sunansa ya shaida cewa yana da ikon bayar da shi, ta yadda za a iya bin sawun kowane layi. Irin wancan lamunin yana da ma'ana domin masu bayar da shi suna da lauyoyi da aljihun da zai ɗauki shari'ar shekaru.

Da wannan ma'auni na karanta sashen da shagon yake sayarwa, Larabcinsa da fassararsa, kuma abin da ke ciki bai wuce layi kaɗan ba. Idan wata kotu ta hana amfani da manhajar, shagon zai cire ta ya ɗora wata ba tare da kuɗin aiki ba. Kuɗin lasisin sabuwar a kan abokin ciniki yake. Kuɗin lauya ba ya ciki, tara ba ta ciki, kuma duk abin da shagon zai ɗauka ba zai haura abin da aka biya shi a shekarar ba. A taƙaice za mu riƙa biyan ƙari kowace shekara domin a yi mana aikin yini ɗaya kyauta idan wani abu ya faru wanda kamfani mai lauyoyin Amurka da jarin dala miliyan 50 da kamfanin zuba jari na BayStar da wani bankin Kanada suka zuba masa a 2003 ya kasa tabbatarwa. Ban zargi injiniyan da niyyar cuta ba, na fi zaton labarin ya ji rabi ya riƙe rabi, masu shagon kuma suka ga ƙofar ƙarin ciniki. Amma abin da suke sayarwa ɗan'uwan lasisin dala 699 ne, tunda shi ma tsoro ake sa wa farashi, bambancin kawai shi ne su ba su ne suke barazanar ba.

Da na mayar da takardar na ce masa: "Injiniya, idan gobe aka aiko mana sammaci daga Yuta, wa zai tsaya mana, kai ko mai shago?" Ya yi dariya ya ce: "Malam, mu dai gyara muka iya." Bai ja maganar ba, bai kuma canza mana fuska a aiki ba bayan haka, wannan ma na lissafa shi cikin alherinsu.

Abin da ofishi irin namu yake buƙata ta fuskar doka ya fi wannan sauƙi da araha. Idan masu bincike suka shigo, tambayarsu ita ce mene ne a kan kwamfutocin nan kuma da wane izini, don haka na nemi shagon ya rubuta mana jerin duk manhajar da ya ɗora, da lasisin kowace, da kwanan wata da hatiminsu, suka yi ba tare da karɓar ko riyal ɗaya ba. Lasisin GPL bai ɗora wa mai amfani kuɗi ko sharaɗi ba, nauyinsa yana hawa ne kan wanda zai rarraba manhajar ga wasu, mu kuwa kwali da buhu muke rarrabawa. Haɗarin da na fi gani a ofisoshin 'yan'uwanmu a Jidda da Makka shi ne Windows da Office da aka ɗora da makullin bogi a bayan shago, kuma wannan shi ne ainihin abin da sauyin ya raba mu da shi.

Mun sa hannu a kwangila ta farko. Ga mai ƙaramin ofishi da yawancin aikinsa ta burawza yake, ina ba da shawarar shagon da wannan kwangilar, da sharaɗin ya jera musu duk wata na'ura da ke haɗe da kwamfuta, firinta da sikeli da sikana da na'urar karɓar kati, ya sa su jarraba kowace a gabansa kafin a goge komai, ya kuma nemi a rubuta a takarda iyakar lokacin da za su ɗauka kafin su zo idan gyaran na zuwa da ƙafa ne, domin tamu kwangilar ba ta faɗa ba, kuma shi ne abin da zan nema a ƙara idan lokacin sabuntawa ya yi.